Rasuwar Sauro, Injin Wankin Faifan Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallama lamari ga Mai Duka, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar injin wankin faifan garmaho na gidanmu, wanda yara ke kira Sauro saboda irin kukansa. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin falo, yana tsakiyar aiki.

Marigayin ya shigo gidan nan ne a shekarar da idon Baba ya rufe. Baba tun yana saurayi yake tara faifai, sai rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, kwalayen suka sha ruwa, fumfuna ta cike layukan waƙoƙin. Duk wanda muka ɗora, allura sai ta riƙa ƙara kamar ana suya. Na gwada tsumma, na gwada sabulu, abin sai gaba yake yi. Daga nan na sayo marigayin. Ɗan baho ne na ƙarfe, da sanda a samansa inda ake zura faifai. A zuba masa tataccen ruwa a kunna, sai ya riƙa juya faifan sannu a hankali, rabi a ruwa rabi a waje, yana girgiza ruwan har dattin da burushi bai isa ya taɓo ba ya fito ya kwanta a ƙasa.

Mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Bai taɓa jiƙa takardar tsakiyar faifai ba. Bai san bambanci ba: yadda ya wanke namu, haka ya wanke na tela maƙwabcinmu, duk da na telan har man keke a jikinsu. Maganarsa ɗaya ce, zzzz, in ya gama ya ce ƙit. Maiɗakina da farko ta ce ciwon kai yake sa mata, amma daga baya na sha kama ta tana tsoma masa 'yan kunnenta. Baba kuwa kujerarsa ya sa aka matso da ita. Ya kan ɗora tafin hannu a jikin bahon yana jin rawar ruwan, ya ce, "Wa ake wa wanka yau?" In na faɗi sunan faifan, ya ba ni labarin shagon da ya saye shi. A haka Baba ya dawo yin hira.

Ciwon ajali ya fara da tari. Zzzz ɗin ya riƙa yankewa, kat-kat, ruwan yana zafi fiye da kima. Mai gyaran rediyo ya buɗe cikinsa, ya ce abubuwan da ke girgiza ruwan sun saki, wasu sun ƙone. Ya liƙe abin da zai liƙu, ya ce mu lallaɓa shi, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Ranar Talatar na tsinci faifan da Baba ya daɗe yana tambaya, a ƙasan wani kwali. Shi ne wanda marigayiya Innarmu take so, har da sunanta a jiki da rubutun hannunta. Na ce mu bari injin ya huta tukuna.

"Sa shi," in ji Baba. "Da ni da injin nan, ba mai lokacin jira."

Na sa. Bai kai ga zagaye ɗaya ba sandar ta tsaya, ruwan ya ci gaba da rawa. Na kai hannu in juya, ƙarfen ya ja ni da wuta. Sai warin ƙuna, sai shiru.

Da faifan ya bushe muka ɗora. Gefen da ya sha ruwa ya fita fes, ɗayan yana nan da dattinsa. Duk juyi ɗaya muryar mawaƙiyar ta fito tangaram, ta nutse cikin ƙara, ta sake fitowa. Baba ya saurara har ƙarshe. Na ce zan bi ragowar da burushi.

"Kar ka taɓa," ya ce. "Ita ma Innarku haka take zo min yanzu, rabi-rabi. Maimaita."

Marigayin ya bar burushi ɗaya, da jarkar ruwa, da mashanyar faifai, da kwalaye biyu da ba su samu wankansa ba. Ya kuma bar Baba, wanda har yanzu hannunsa kan laluba teburin.

Za a yi masa sutura ranar Asabar da safe, a cikin kwalin da ya zo da shi. Baba ya nemi a bar masa shafe shi da tawul da hannunsa, an bar masa. Mai gyara zai cire abin da zai amfani wani injin, mai sayen gwangwan ya tafi da saura. Ana karɓar gaisuwa a falo, amma don Allah kada kowa ya zo da faifai. An kuma roƙi mai gwangwan kada ya ɗora shi a sikeli sai ya bar layinmu.