Rigar da Ta Yi wa Kaka Tsawo

"Lafiya lau, sai dai gajiyar zama da miji irinka," in ji Kaka, tun jikan nata bai gama gaisuwa ba.

Ta shigo shagon ɗinkinsa da leda a hannun hagu, domin na daman bai daɗe da fita daga ɗauri ba. Kwanakin baya ta yi ɗan tuntuɓe a bakin ƙofa, ta dafa ƙasa, wuyan hannun ya karye. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙasusuwanta sun zaizaye, gara ta fara shan magani kafin abin ya kai ga ƙugu. Kaka ta ce sai ta yi shawara. Da kanta take shawarar har yau, kuma kullum bakinsu ɗaya.

Ta zazzage riga a kan teburin yanka, ta ture almakashi.

"Ga aikinka, telan ƙarya. Riga ka ɗinka mini ko tsintsiya? Duk inda na bi sai ta share."

"Amarya, da awonki na bara na yanka ta."

"To tef ɗinka ne ya miƙe."

Tela ya zare tef daga wuyansa, ya tsayar da ita jikin bango, ya auna. Ya sake aunawa, ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Doguwa na aura, ga shi ana rage mini ke da kaɗan-kaɗan. Yatsa uku sun tafi. Baɗi war haka a aljihu zan riƙa zuwa da ke unguwa."

"Ja'iri! Ranar da aka haife ka, a tafin hannuna ka ƙare, kamar ɓeran da ya faɗa ruwa."

"Ni na ƙaru, ke kina komawa. Bayanki ne ke lotsawa, tsohuwa. Abin da likita ya faɗa ke nan. Ina maganar magani?"

"Maganin me? Ina ke mini ciwo? Da tsohuwar zuma ake magani, ba a ce a ba ta magani ba."

"Ita gara sallama take yi kafin ta ci ginshiƙi? Sai dai a wayi gari rufi ya zauna."

"Ni ce ginshiƙin da gara ta ci? Na yi tuƙin tuwo, na yi daka, na goyi ubanka da ƙattin ƙafafunsa, ban karye ba."

"Sai ga dokin ƙofa ya kayar da ke a zagaye na farko."

Kaka ta ja kujera ta zauna, a hankali fiye da yadda ta so a gani.

"Kai ba ka ji sharaɗin ba ne. Wai ƙwaya ɗaya a mako, da sassafe, ciki ba komai, da ruwa cikin kofi. Ba shayi, ba komawa gado, sai na yi rabin awa a miƙe kamar mai gadi, in ba haka ba ta ƙone mini ƙirji. Magani ne wannan ko horo?"

"A zaune ma ya halatta, kwanciya ce ba a so. In cikinki ya ƙi, likita ya ce akwai na allura."

"Maƙwabciyata ta ce yana lalata muƙamuƙi."

"Na tambaya. Ya ce da wuya ƙwarai, amma duk da haka za a fara duba haƙoranki. Aikin ba zai ɗau lokaci ba, duka-duka nawa suka rage?"

"Sun isa in cije ka."

Tela ya ɗauko rigar ya fara kalmashe bakinta, allura a baki. Bai ɗago ba ya ce, "Mai ɗakina ta kusa sauka. Ta ce ke za ki fara goya abin da aka samu. Na ce a'a."

"Ka ce me?"

"Ba na ɗora ɗana a kan katangar da ta tsage. In kika zube da shi, wa zan fara ɗauka? Kuma ƙugu ba hannu ba ne, Kaka. In ya tafi, gado ne."

Wannan karon bai ce amarya ba, ita ma ta lura. Ta kalli hannunta na dama.

"Duk 'ya'yan gidan nan a bayana suka yi barcin fari," ta ce. "Ba a kan ɗan tela za a fara tsallake ni ba. Gobe ka kai ni wurin likitan."

"Alhamdu lillahi."

"Kada ka yi saurin godiya. Duk ranar shan ƙwaya, kai za ka kawo ruwan, ka tsaya a gabana har lokacin ya cika."

"In yi miki me?"

"Ka saurara. Ina da zagin da na tara maka tun kana rarrafe, ban taɓa samun rabin awa a miƙe ba."

Tela ya fashe da dariya har allurar ta faɗi.

"Na yarda. Amma in kin gaji, kya iya zama."

"Zama? A tsaye zan yi maka shi, ƙashi ma ya ji daɗin warkewa."