Rasuwar Famfon Kulocin Shuɗiya

Da zuciya cike da baƙin ciki (to, rabinta dai, ɗaya rabin rawa take yi), ni Gergana matar Rumen nake sanar da 'yan unguwa rasuwar famfon kulocin motarmu Shuɗiya, yana da shekara arba'in da shida. Bawan Allah ne mai haƙuri, kullum taka shi ake yi, bai taɓa cewa komai ba sai "fsss".

Ya jima yana ɗigar da man birki a kan takalmin Rumen. Ranar Alhamis Rumen ya taka, abin ya kwanta a ƙasa bai ƙara tashi ba, giya ta ƙi shiga.

Kuma ku ji ranar da ya zaɓa! 'Yarmu Nevena ta fara tafiya ranar Talata, taku huɗu, ita kaɗai! Lahadi bikin takun farko, Kaka Tsonka, mahaifiyar Rumen, ce za ta kwaɓa burodin bikin, ga ta can ƙauye kan dutse, bas ba ya hawa. Ta bugo waya: "Kai Rumen, in ba ka zo ka ɗauke ni ba, a kan jaki zan sauko, kowa ya san ɗan da na haifa."

Ranar Asabar muka ɗaura sabo a tsakar gida. Rumen yana ƙarƙashin mota yana fitar da iska, ni ina kujerar direba. "Taka! Riƙe! Ke Gergana, riƙe na ce!" Na ce, "Ƙafa ce da ni, malam, ba jak ba!" Sau sittin na taka kafin giya ta shiga lumui.

Marigayin ya bar mota ɗaya, bututu ɗaya, da tabo a siminti.

Kaka ta iso. Aka mirgina burodi a kan farin zane yadda al'adarmu take, aka jera wa yarinya kayan zaɓen sana'a: biro, almakashi, abin awon ƙirji na likita da Kaka ta aro ta ajiye gaba-gaba. Rumen ya wanke gawar ya lallaɓa ya sa a can ƙarshe. Nevena ta tsallake komai, ta rungume gawar!

Saboda haka an ɗage jana'iza, don mai gawar ta ƙi sakinta. Masu ta'aziyya su zo ƙarfe huɗu, akwai banitsa, gashin fulawa mai cuku a ciki. Ku fara da Kaka Tsonka, tana kicin, ita likita ta so yarinyar ta zama.