Rasuwar Tsohuwa, Manhajar Awon Shagon Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, Injiniya, ƙanen mai shagon ɗinkin da ke ƙarƙashin bene kusa da mai gyaran agogo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar manhajarsa, wadda kowa a shagon ya fi sani da Tsohuwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana da shekara goma sha ɗaya, bayan doguwar rashin lafiyar da babu wanda ya yi jinyarta.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ita ce shafin intanet ɗin da Injiniya ya gina wa yayarsa lokacin da ta gaji da rubuta awo a guntun takarda, iskar fanka tana kwashewa. Tun daga ranar, Tsohuwa ce ke riƙe da sunan mata ɗari shida da arba'in, da lambar wayarsu, da awon kafaɗa, da ƙirji, da ƙugu. Akwai kuma wani ɗan fili a ƙasa inda Yaya ke ajiye abin da tela kaɗai ke sani. "Ta rame, kada a tambaye ta dalili." "Tana da ciki, ba ta faɗa wa kowa ba tukuna, a saki gaba." Wannan amanar ce jarin shagon, ba keken ɗinki ba.

Marigayiya mai natsuwa ce. Ba ta taɓa yin gaggawa ba, don sai ta yi cikakken minti ɗaya kafin ta buɗe. Ta kan yi "ƙirrrr" kamar mai gyaran murya, sannan ta ce "ting!" in sabon aiki ya shigo, Yaya ta amsa daga bayan keke ba tare da ta ɗago ba. Shekara da shekaru Injiniya yana bugun ƙirji a gaban abokan aikinsa cewa tasa manhajar ba ta taɓa ƙorafi ba.

To, gaban gawa ba a ƙarya. Ta yi ƙorafi, kuma ta yi shi har ta gaji.

Injiniya bai gina ta shi kaɗai ba, kuma babu mai yin haka. Ya aro ƙananan sassa ɗari biyu da goma sha uku da wasu bayin Allah suka rubuta suka bayar kyauta, ya harhaɗa su kamar mai ɗinka bargo da ƙyallaye. Wannan na makullin shiga, wannan na hotuna, wancan na kwanan wata. In masu sassan suka gano ɓaraka a nasu, sai su fitar da faci su yi shela, kowa ya sabunta. A shekararta ta biyu Injiniya ya gwada sabunta guda ɗaya tak, shafin ya kife a ranar da shago ya cika maƙil, Yaya ta wanke shi tas a gaban mutane. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ranar ya buɗe wata jaka a akwatin imel ɗinsa, ya sa mata suna "Gobe", ya umarci duk wani gargaɗi ya riƙa wucewa can shiru. Shekara tara gobe ba ta waye ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa Tsohuwa ba tsaga ce da ita ba, taga ce. Ɓarakar da ke jikin makullinta shekara shida ke nan da aka sanar wa duniya, facin kuma ya fito a makon. Injiniya ya so a ce wani gawurtaccen ɗan kutse ne ya kwana yana yaƙi da ita, ko ya samu abin ba da labari. Ina! Wata na'ura ce kawai da ke bin ƙofofi tana murɗawa, ta murɗa tata ta ji a buɗe, ta kwashe komai ta shanya a fili.

Malamar Lissafi ce ta fara gani, matar da Yaya ta shekara ashirin tana yi wa ɗinki. Ta rubuta lambar wayarta a wurin bincike na intanet don wata buƙata, sai ga sunanta, ga awonta, ga rubutun Yaya a ƙasa: "Ƙugu arba'in da huɗu. A ce mata arba'in."

Yaya ta kira shi yana ofis. Ba ta yi ihu ba.

"Auta, ka san da ɓarakar?"

"Yaya, ai abin yana da ɗan wuyar bayani."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"An aiko da saƙo."

"Sau nawa?"

Ya buɗe jakar Gobe ya duba. Dubu ɗaya da ɗari tara da shida. Da hannunsa ya kashe Tsohuwa kafin azahar, ta yi "ƙirrrr" ɗinta na ƙarshe, ba ta kai ga "ting" ba.

Marigayiya ta rasu ta bar sassa ɗari biyu da goma sha uku, yawancinsu marayu, don waɗanda suka rubuta su sun daɗe da kama wata sana'ar. Ta bar Injiniya, wanda ke baƙin ciki na gaske, don yana son abarsa kuma ya san shi ya ja ruwan. Ta kuma bar Yaya da mata ɗari shida da arba'in da za ta kalla ido cikin ido.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a cikin shagon. Za a juye gawar a filashi, a naɗe da ragowar yadi, a binne a gwangwanin maɓallai, sannan a share kwamfutar ƙal. Ana roƙon abokan aikin Injiniya kada kowa ya ce "ai na faɗa maka", ya ji, ya kuma haddace. Shi ba zai karɓi gaisuwa ba. Bisa umarnin Yaya, zai zauna a benci a bakin ƙofa daga safe zuwa tashi, ya ba kowace mace haƙuri da bakinsa, har sai an kai ta ɗari shida da arba'in.

Masu zuwa ta'aziyya su yi uzuri in sun tarar Yaya ba ta cika magana ba. Jiya Malamar Lissafi ta riga kowa zuwa, da sabon yadi a jaka. Injiniya, da ke shagon a lokacin, ya miƙe zumbur, ta wuce shi kamar ba ta ga mutum ba. Yaya ta yi murna, ta zare tef daga wuya ta ce, "Malama, ɗaga hannu."

Malama ta harɗe hannuwanta a ƙirji.

"Ki duba a intanet," in ji ta.

Yaya ta naɗe tef ɗin a hankali ta sa a aljihu.