Malamar da ta Juya wa Gabas Baya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata, wata huɗu da zuwana Kaduna. An ɗauke ni koyarwa a wata firamare a Badarawa, na kama ɗaki a gidan haya a Kurmin Mashi, ban san kowa ba. Gidan cike yake da mata, amma tsakanina da su gaisuwa ce kawai. Suna tsakar gida suna tsintar shinkafa da hira, ni kuwa in shige in saki labule. Wallahi ba girman kai ba ne, tsoro nake kar a ce baƙuwa ta cika shisshigi. Sau nawa ina cin abinci ni kaɗai ina jiyo dariyarsu.

Kowa ya san in mutum ya sauka a baƙon wuri, tambayarsa ta farko ita ce, "Ina ne gabas?" Ni ban yi ta ba. Ranar da na tare ruwa ake shatatawa, na dubi ɗakin na ga tsarinsa irin na ɗakinmu ne na Malumfashi, a can kuwa bango mai taga muke fuskanta. Sai na shimfiɗa dardumata wajen taga. (Tagar tawa katangar maƙwabta take kallo, rana ba ta leƙowa. Wayata na iya nuna alƙibla, amma ina, ni da nake koyar da gabas da yamma?)

To, ran Talatar nan shugabar makaranta ta ce za ta kalli darasina na 'yan aji uku, a kan rana. Na fitar da yara fili, na kafa sanda a ƙasa. Muka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya: hudowar rana, hantsi, rana tsaka, la'asar, faɗuwar rana. Na nuna musu inuwar sandar doguwa ta miƙe yamma, na ce su dawo da azahar su ga ta takure a gindinta. Na ce ba rana ke tafiya ba, duniya ce ke juyawa, kuma kar wanda ya ƙura mata ido. Shugaba tana gyaɗa kai, ni kuma kaina sai ƙara girma yake.

Da na tsaya nan da na tsira. Sai na ƙara da nawa iyayin: "Wanda duk ya rikice, ya dubi inda ake kallo in ana salla a gidansu. Ta nan rana ke fitowa."

Hafsa ta ɗaga hannu. 'Yar gidanmu ce, ƙofarsu na kallon tawa.

"Malama, amma ban da ke ko?"

"Ban da ni kamar yaya?"

"Ke inda take faɗuwa kike kallo. In iska ta ɗaga labulenki muna gani. Ummanmu ta ce kar mu faɗa, wai ke 'yar boko ce, ba kya son a yi miki magana."

Yara suka juyo gaba ɗaya. Shugaba ta sunkuya tana gyara takalmin da babu abin da ya same shi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ina tsaye, alli a hannu. Kunyar sallolin daban, amma abin da ya fi soya min rai shi ne duk gidan sun sani. Wata huɗu ana kallona ina ba alƙibla baya, ba wadda ta ga fuskar da za ta gaya min.

Da na koma gida bayan la'asar na tsaya a bakin ƙofa na ɗaga kai. Ga rana can tana gangarawa, daidai bayan tagata. Kullum tana nan, ni ce nake shigowa kai a ƙasa.

Na ajiye jaka, na yi sallama a ƙofar Maman Hafsa.

"Maman Hafsa, don Allah ina ne gabas?"

Ba ta yi dariya ba. Ta goge hannu a zaninta, ta biyo ni, ta juya dardumar da kanta. Ita ce mutum ta farko da ta taka ɗakin nan tun zuwana.

"Malama, ai tun ranar da kika tare muke jiran tambayar nan," in ji ta. "Da ita ake fara sabo."

Maganar sallolin baya na kai wa malamin unguwa, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma tun daga ranar, duk gidan da na sauka sai na tambayi gabas, ko da kuwa rana na dukan goshina.