Kwalbar da Na Kai wa Surukina Liman

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai wa limamin wata unguwa a Shagari giya, a zaurensa, da hannuna, ina murmushi.

Shekara guda ke nan da samun 'yancin kai, ina akawu kuma tafinta a wajen aikin hanyar da ta bi ta Boɗinga. Shugabanmu wani Bature ne ɗan Italiya. Turancinsa gurgu ne, nawa makaho, amma a haka muke lallaɓawa (leburori kuwa sun ɗauka ba harshen da ba na ji a duniya, ni ma ban taɓa gyara musu ba).

Ranar da zai koma gida ya miƙo mini wata baƙar kwalba, idonsa da ƙwalla. Ya yi ta bayani da baki da hannu. Abin da na tsinta shi ne: 'yar gonar inabi ce ta ubansa a gefen tsauni, shi da 'yan'uwansa suke matsewa, kuma sai shekarar da inabi ya yi kyau suke ware kaɗan su ajiye. Wannan ta shekara bakwai. Na ce a raina, kamar zuma ke nan.

Lokacin ina neman auren Hajo, ɗiyar Malam Liman. Kowa goro da turare yake kaiwa gaisuwar surukai, ni kuwa na ga ya dace a san an samu ɗan boko. Ran Juma'a na sa farar riga, na naɗe kwalba a rawani, na hau keke.

Na iske dattawa biyar a zaure. Bayan doguwar gaisuwa na warware rawanin.

"Allah gafarta Malam, ruwan inabi ne daga ƙasar Turawa."

Malam ya juya kwalbar, ya nuna takardar jikinta. "Mi aka rubuta nan, ɗana?"

Ko kalma guda ban gane ba. Amma na gyara murya na bi rubutun da yatsa, na ce an rubuta abin sha ne na manyan mutane masu tsoron Allah. (Har na ƙara da cewa yana maganin sanyin ƙashi.)

Murfin toshe ne, ya ƙi fita. Aka kawo ƙusa, na danna shi ciki da ƙarfi, jan ruwa ya yi tsalle ya sauka a gaban rigar Malam. Wani wari ya cika zauren. Na ce haka inabin kan tsauni yake yi. Na tsiyaya a moɗa, Malam ya karɓa ya yi bisimilla.

A nan ne Baba Saje, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Habasha, ya matso ya shinshina.

"Malam, aje moɗar ga. Wagga mun gan ta wurin sojan Italiya. Giya ta, kuma ta hafsoshi."

Ba wanda ya yi salati da ƙarfi. Da ma an yi, da na ji sauƙi. Malam ya ajiye moɗar a hankali, ya dubi rigarsa, ya dube ni.

"Kai ka karanta takardar ga?"

"Na karanta, Allah gafarta Malam."

"To, Allah shi ƙara ilimi."

Ni na fitar da tabarma, na wanke moɗa sau bakwai, na tona rami bayan gida na juye aikin shekara bakwai na bayin Allah. Mata suna leƙe ta katanga.

Auren dai an ɗaura, bayan wata huɗu da kawuna ya yi yana zarya yana rantsuwa cewa wauta ce kawai ke damuna. Malam ya ce wannan ya gani da idonsa, ba ya bukatar shaida.

Tun ranar na koyi cewa "ban sani ba". Kalma uku ce, ba nauyi, kuma ban taɓa jin ta ɓata rigar kowa ba.