Tabaraun da ya kai Kakata Sama

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kamfanin Lafiya-a-Ido,

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramar yarinya ga babban mutum, ina roƙon gafara. Ko a aji ba na ɗaga hannu. Ƙafar kakata ce ta sa ni magana.

Kaka tana da ciwon suga da gyambo a dunduniya. Ranar Talata na kai ta ƙaramin asibitin da ke Dogarawa a wanke gyambon. Sista Adaora, nas ɗin wurin, ta ce babu bandeji, babu aidin, amma akwai tabarau na zamani da kamfaninku ya kawo don ɗauke wa majinyaci hankali daga zafi. Aka sa wa Kaka, ya nuna mata hoton lambu, har da murya. Mun gode ƙwarai. Ga 'yan koke-kokena:

1. Lambun da ke cikin tabaraun ya cika kyau. Korayen ciyayi, ruwa garai-garai, babu sauro, babu layi. Yallaɓai, wanda ya tsufa a Sabon Gari, in ya ga wuri haka, ina zai ɗauka ya iso? Kaka ta cire takalmi ta fara waƙar coci.

2. Muryar cikinsa ta ce mata, "Barka da zuwa gida. Ka huta lafiya." Wataƙila a ofishinku wannan maraba ce. A wurinmu, gawa ake faɗa wa haka, bayan Fasto ya rufe addu'a.

3. Kuma "ka" aka ce wa matar da ta haifi tara. Na yi murna, na nuna mata cewa kuskuren inji ne. Ta ce a'a, ai an koya musu a Sama babu namiji babu mace. Kuskurenku ma shaida ya zama.

4. Da aka cire tabaraun ta ga silin mai yoyo da ƙudaje a kan ƙafarta, sai ta fashe da kuka, wai wa ya dawo da ita? Tun ranar ta daina shan magani. Ta raba zannuwanta, ta ba ni tukunyar miya. Ta ce ta ga ɗakinta a Sama, me za ta yi da dunduniya? Gyambon kuwa bai sa tabarau ba. Yanzu daga zaure ake jin warinsa.

A makaranta an koya mana cewa fasaha ci gaba ce, na rubuta haka a jarrabawa, na ci. Ba na jayayya da manya. Roƙona biyu ne: ku sa muryar ta ce, "Kaka, ki koma, lokaci bai yi ba," domin yanzu ita kaɗai Kaka take sauraro. Sannan ku aiko da bandeji, irin wanda hannu ke taɓawa.

In hakan ya fi ƙarfin kamfani, ku ara mana tabaraun ranar jana'iza. Mu goma sha ɗaya ne a gida. Za mu bi layi mu gan ta da rai a cikin lambun.

Taka mai biyayya, kai a sunkuye,
Christabel Mordecai,
Aji biyar na sakandare, Samaru.