Yadda Za Ka Zama Na Allah Kafin Ranar Zaɓe

Ɗan'uwa mai neman kujera, kwantar da hankalinka. Ba ka gina asibiti ba, ba ka cike ramin titi ko ɗaya ba, amma in ka bi matakan nan ƙuri'a za ta zo maka da ƙafarta. An gwada su a kan Mai Taya, wani dillalin tayoyin mota da ya nemi kujerar majalisa, kuma ya ci. Abin da ya rasa a hanya ɗan kaɗan ne, za mu zo kansa.

1. Gyara fuska

Saki gemu, rage dariya, sayi carbi mai manyan 'ya'ya wanda zai fito sosai a hoto. Ba sai ka san abin da ake faɗa ba, motsa leɓe kawai. Mai Taya ya yi ta goga goshi a dardumar ofis don tabon sujada ya fito, sai ƙurji ya fito. Kai ka bi a hankali.

2. Nemo abin da za ka yaƙa

Kada ka taɓa talauci, ba ya mutuwa da wuri. Nemi ƙaramin abu mai ƙofa da kwaɗo. Mai Taya ya shiga ƙungiyar gyaran tarbiyya, ya rantse sai ya rufe gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwa. Ginin nasa ne. Aka garƙame ƙofar gaba ana kabbara, aka buɗe ta baya da yamma.

3. Shafa wa abokin hamayya kashin kaji

Kada ka ce ba ya salla, ƙarya haramun ce. Ka ce kai dai ba ka taɓa ganinsa a masallaci ba. Wannan gaskiya ce tsantsa, tunda kai ma bana ka fara zuwa.

4. Bar tsohuwarka ta yarda

Babu shaidar da ta kai ta uwa. Mahaifiyar Mai Taya ita ta koya masa gajerun surori da bakinta, kafin ya gudu tashar mota ya bar karatun. Tun daga nan take roƙon Allah ya shirye shi. Da ta ga hotonsa riƙe da Alƙur'ani, kuka ta yi, ta liƙa shi a saman gadonta, ta bi maƙwabta tana faɗa musu an amsa addu'arta. Abin ya sosa masa zuciya, don yana son tsohuwar nan da gaske. Direbansa ya tuna masa cewa ƙuri'un mata suna da yawa, zuciyar ta daina sosuwa.

5. Sahun gaba, amma ba bayan liman ba

Buɗe kunne, nan ne wajen. Duk wanda ya saba da masallaci ya san in uzuri ya sami liman ana cikin salla, na bayansa yake jawowa ya ƙarasa. Shi ya sa tsofaffi ke barin gurbin ga mai karatu. Mai Taya bai sani ba. Shi dai ya ga nan mai ɗaukar hoto ke haskawa, ya ture wani dattijo ya tsaya.

Wata magariba, mahaifiyarsa na bayan labule a ɓangaren mata, haɓo ya ɓalle wa liman. Ya miƙo hannu ya jawo Mai Taya gaban lasifika.

Fatiha ta fita da ɗingishi. Ya kama gajeriyar sura, ya kai tsakiya, ya maƙale. Ya koma farko, ya sake maƙalewa a wurin. Dattijon da ya ture ne ya riƙa ɗora masa daga baya, shi kuwa tsoro ya sa muryarsa rawa, hawaye na zuba. Unguwa duka tana ji.

6. Sayar da hawayen

Kafin a gama saka takalma, yaran siyasarsa sun baza cewa tsoron Allah ne ya shaƙe shi. Bidiyon ya zagaya wayoyi. Ƙungiya ta fito ta ce ga ɗan takararta. Ya ci da rata mai faɗi.

Ranar da aka faɗi sakamako ya tafi gaishe da tsohuwa, ya durƙusa yana jiran albarka. Bangon saman gadonta wayam, sai tabon gam. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi lafiyar yara.

"Inna, ba ki yi min murna ba."

"Na ji karatunka," in ji ta. "Daidai ayar da ka tsaya ranar da ka gudu daga gabana, nan ka tsaya. Ashe, ɗan nan, ko taku ɗaya ba ka ƙara ba."

Ta juya ta ɗauki butarta. Ya fito motoci na ta busa masa hon, bai ɗaga wa kowa hannu ba.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ya yi alkawarin ƙuri'a, kuma ya cika. Ba ruwansa da ƙurjin goshi, ko haɓon liman, ko tambayar kabari. Wanda kuma uwarsa ke da rai, tana da kunne, ya je ya san yadda zai yi da ita, don har yau ba mu gano matakin da ke aiki a kanta ba.